Yaya Sagir da layin injin casa

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sagir, kuma har yau idan lokacin kaka ya zo sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai. Mutum ne mai son tsokana. Shi ya koya mini rubuta manhaja, rabi da zolaya, rabi da rantsuwar cewa kaina ya fi dutsen niƙa tauri.

A ƙauyenmu, can gefen Makoda, injin casar gero ɗaya ne na ƙungiyar manoma, kowa da ranarsa. Yaya ya haɗa musu manhajar waya ta kama layi da musayar rana. Abin da bai lissafa ba shi ne, sabis a garinmu sai a kan tudun bayan makaranta. Baba Ilu, maƙwabcinmu, ya hau tudun zai yi musaya da wani, ya danna, sai ya ji kiran sallah, ya jefa wayar aljihu ya gangaro, sabis ya yanke. Manhaja ta cire shi daga ranarsa, ba ta sa shi a ɗayar ba. Baba Ilu ya ɓace daga layi ɗungurungum.

Da sanda ya zo gidanmu. "Sagir, ina raye ka shafe ni?"

Yaya ya ba shi haƙuri yana danne dariya, sannan ya zaunar da ni. Ya ce, "Binta, musaya aiki ɗaya ce, ko da rubutu biyu ne. Ki ɗaure su tare. In duka sun shiga rumbun bayanai, ki tabbatar. In ɗaya ya gaza, ki mayar da komai yadda yake." Ya kuma hana a buɗe aikin ana jiran mutum ya gama shawara. Sai saƙo ya iso cikakke a kulle ranakun biyu, a rubuta, a saki nan take. A kan haka muka gyara manhajar.

Yanzu ni ke kula da manhajar. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga samarin yau suna sa na'ura ta rubuta musu komai. Na san zai yi murna, don ba shi da ƙyashi. Amma sai ya tambaye su me zai faru in abu ya yanke a tsakiya, ya tsaya yana murmushi har su yi gumi.

Bana Inna Talatu, wadda mijinta ya rasu, ta tara geronta a ƙasa, gara ta fara shiga. Ranarta tana nesa. Baba Ilun nan dai ya ce ta karɓi tasa. Ana tsakiyar rubuta musayar sai na'urar da ke riƙe da bayanan ta ɗauke. Da a tsohon tsarin manhajar ne, da Inna ta rasa layi, abincin shekararta ya tafi a bakin gara. Amma saboda gyaran Yaya, komai ya koma yadda yake, aka sake turawa, ya shiga. Washegari inji yana ƙofar gidanta.

Ina kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ranar farin ciki ne ya cika ni. Na je na tarar da Inna tana sheƙe gero, fuskarta duk ƙaiƙayi. Na tambaye ta ko ta sha wahala wajen musayar.

Ta dube ni da mamaki. "Wace wahala, 'yar nan? Ai ba abin da ya faru."

Allah ya jiƙan Yaya. Don a ji irin wannan amsar ya yi aikinsa.