Jirgin da Na Raba da Ruwa

Ranar da aka zauna rabon gadon Babanmu a Argungu, ni na fara buɗe baki na ce jirgin nake so. Kwalekwale ne na katakon maɗaci, irin wanda ake tsayawa a ciki ana tura shi da gwangwala, kuma Baba da hannunsa ya haɗa shi tun ba a haife ni ba. Mu biyu ne maza, ni da Yaya. Shi a cikin jirgin nan ya girma, tun yana kwarfar ruwa da ƙoƙo har ya zama shi ke tsayuwa a baya. Ni kuwa ɗan boko ne mai aikin ofis a Birnin Kebbi, rabona da gulbi tun ina sakandare. Amma na kafe, har da ƙwalla.

Yaya ya dube ni ya ce, "Mi za ka yi da shi can?"

Na ce adana shi zan yi, kada ya ruɓe a ruwa. Ya ce, "Ɗauka. Kai ƙanena na." Aka bar masa sauran kayan kamun kifi, taru da homa da manyan gorunan da ake hawa a ruwa.

Na ɗauko mota aka kai jirgin gidana a Gwadangaji. Na yi masa rumfar kwano, na ɗora shi kan bulo, na shafe shi da shuɗin fenti. Duk baƙon da ya zo sai na ja shi ya gani, ina ta bayani kamar ni na sassaƙa shi. Matata ta ce saura katifa da gidan sauro. Ban yi dariya ba, don a ganina ni kaɗai na san darajar uba.

Shekara huɗu jirgin ya yi a rumfar nan. Ban taɓa tambayar kaina da me Yaya yake fita kamun kifi ba. Wallahi ban taɓa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata Babbar Salla na je gida na tarar da Yaya ya rame, yana tari mai fitowa daga can ƙasa. Matarsa, wadda kullum sai ta tsokane ni da cewa miji na gari ya zo hannu rabbana, ranar ko murmushi ba ta yi ba. Ta tare ni a zaure ta ce, "Sanyin ruwa ya cinye ɗan'uwanka. Tun da kat tahi da jirgin ga, bisa gora yaka kamun kihi, ƙirji nai cikin ruwa tun asuba. Ya hana ni hwaɗa maka."

Washegari na mayar da jirgin. Ina jiran faɗa, har na shirya kuka. Yaya ya zagaya shi sau biyu yana dogara sanda, ya ƙwanƙwasa gefensa ya saurara, ya ce fentin ya yi kyau. Sannan ya sa aka ɗora shi kan kututture biyu a bakin gulbi, ya ce in ɗebo ruwa in zuba a ciki. Na ce ai na ɗauka ruwa ake hana wa shiga. Ya ce ta inda ruwa ya fita, ta nan zai shigo, kuma a tudu ne kaɗai ido ke iya ganinsa. Ya ba ni gawayi ya ce in kwanta a ƙasa in zana duk inda na ga ɗigo.

Ban kai ga zana biyar ba na ajiye gawayin. Ba ɗiga yake yi ba, zuba yake yi kamar rariya, ta kowace gaɓa da katako ya haɗu da katako. Ruwan na sauko mini a fuska, na gode Allah da ya sa ba a bambanta shi da hawaye. Yaya ya ce, a hankali, "Itacen jirgi ruwa yaka sha shi kumbura, shi riƙe ɗan'uwa nai. Ka bar shi da ƙishirwa, shi ya sa yat tsuke." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka loda masa duwatsu muka nutsar da shi a gefen gulbi kwana tara. Da aka ciro shi, yawancin ƙananan tsagun sun rufe da kansu. Sauran kuwa sai da hannu. Duk Asabar nakan taho da kwalta daga shagon wani ɗan kudu a kasuwar Birnin Kebbi, mutumin da Hausarsa ta Kabi ta fi tawa. Yaya yana zaune kan tabarma a inuwa yana ba da umarni, ni ina aiki. In murza tsumman auduga kamar igiya, in cusa a tsaga da bakin tsohuwar wuƙa, in bi da kwalta mai zafi, in tsagar ta yi faɗi in rufe da gwangwanin madara da aka buɗe, in jera ƙananan ƙusoshi. Na ƙone yatsu, na daki babban yatsana da guduma ba adadi. Yana dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa hannun biro bai san komai ba sai sa hannu. A ƙarƙashin fentina muka riƙa cin karo da facin Baba, shi kuma yana gaya mini shekarar kowanne da abin da jirgin ya daka. Asabar bakwai muka yi haka. Tun muna yara ban taɓa zama da shi irin wannan ba.

A ta bakwai muka sa jirgin a ruwa. Ya zauna daram, amma bayan ɗan lokaci sai ga danshi a ƙasansa, na duba na duba ban ga ta inda ruwa ke shiga ba. Yaya ya ce in kama shi. Ya cire takalmi, na tallafe shi ya shiga, ya miƙe tsaye ya karɓi gwangwala. Na ga bayansa ya miƙe kamar ba shi ne mai sanda ba. Ya riƙa jan tafin ƙafa a kan katakon sannu sannu, idonsa a rufe. Can ya tsaya ya ce, "Ga ta nan. Sanyi na hudowa." Ya karɓi ƙusa ya duƙa da ƙyar ya zana da'ira, ba ta fi bakin ƙoƙo ba.

Kwalta ta ƙare ranar. Ya ce ko zan kwana in nemo a cikin gari mu gama gobe. Na ce ina da taro Litinin da takardun da ban shirya ba, a bari sai Asabar. Ya ce, "Allah shi kai mu."

Laraba da hantsi aka kira ni a ofis.

Bayan addu'ar uku na sauka bakin gulbi ni kaɗai da gwangwanin kwalta. Da'irar tana nan. Na daɗe zaune ina kallonta, domin na san in na zuba kwalta na rufe abu na ƙarshe da hannunsa ya yi. Amma barin ta a buɗe shi ne irin adanar da na yi a baya, don haka na cusa auduga na zuba.

Jirgin yana ruwa yanzu, wani maƙwabcinsu ke fita da shi. Ya ce ko ɗigo ba ya shiga. Wani lokaci in na je nakan cire takalmi in tsaya a inda Yaya ya tsaya, in ja ƙafa a kan katakon ko zan ji abin da ya ji. Ƙafata ba ta jin komai, sai tudun kwaltar nan.