Wayar da Na Ɗaura a Fiyus

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Lawali, mai gyaran wayar mota a Ƙauran Namoda, kuma ban taɓa jin kunyarsa kamar bana ba.

Lawali mutum ne mai sa direba ya ƙosa. Ka kawo masa mota kana gumi esi, na'urar sanyaya mota, ta mutu, ba zai taɓa ta ba sai ya tambaye ka, "Ina taka kwana? Mi kaɗ ɗauko cikinta?" Ya san mu sarai: muna loda gero a but, mu ajiye mota gindin rumbu, ɓeraye su shige su ci waya. Daga nan sai ya bi wayar ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan gwajinsa, ko da zai kai la'asar. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai: ya tarar an ɗaure fiyus da silin waya. Cewa yake fiyus ba ya ƙonewa banza, wanda ya ɗaure shi ya gayyato gobara.

Motarsa ce a hannuna yanzu. Da ita nake ɗauko Inna, mahaifiyarmu, daga Badarawa zuwa asibiti a Ƙaura duk bayan mako biyu. Hawan jini ya sa ba ta jure zafi. Ta taɓa some mini a kujerar baya. Tun watan jiya kuwa, da na danna kurus, maɓallin nan mai riƙe wa mota gudu, sai fiyus ya ƙone, esi ta ɗauke. Na daina danna shi, sai ya koma ƙonewa don kansa idan mun faɗa rami.

Wurin masu gyara uku na je. Kowa ya jona na'urarsa, ya kalli allo, ya canza wani abu. Babu wanda ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari. Ina tsaye ina cizon yatsa, ina tunanin abin da Lawali zai ce da wannan aiki. Amma shi ma ban san yadda zai yi da hanyarmu ta Shinkafi ta yau ba. A zamaninsa mota ta tsaya, ka nemi inuwa ka duba ta a natse. Yanzu ba mai son tsayawa ko na minti biyar a dajin nan saboda 'yan bindiga.

Ranar Talatar da ta wuce fiyus ya ƙone mana da tsakar rana, kuma na ajiya sun ƙare. Na waiga na ga Inna ta fara lumshe ido. Na tsaya a gurguje, na fizgi silin waya na ɗaure fiyus ɗin. Sanyi ya dawo.

Har yau wayar tana nan, don ban sami wanda zai bi layin ba. Na lura abin da Lawali ya bar mini ba ƙwarewarsa ba ce, rashin sukuni ne: ina tuƙi ina shinshina ƙauri, duk rami gabana ya faɗi.

Da muka kusa Ƙaura a ranar, Inna ta gyara zama, ta shafa kujera ta ce, "Ka gani ko, Sanusi? Aikin Lawali bai ɓaci. Allah shi jiƙan shi."

Na ce amin. Ban iya gaya mata ba.