Mutumin Da Ya Tara Ƙyamaren Gari

Kafinta bai taɓa kiran kansa mai adana tarihi ba. Da wani ya kira shi haka, da ya ce masa ya matsa gefe, yana tare masa haske. Shi dai ɗan masassaƙi ne, jikan masassaƙi, wanda ya buɗe ido cikin ƙurar zarto a wani ƙaramin gari mai titi ɗaya da guntu. Guntun shi ne wanda ya nufi tsohuwar tasha, ya gaji a hanya ya tsaya.

Kusan duk ƙyauren da ke garin, in ba aikin ubansa ba ne, to na kakansa ne. Katako ne mai kauri da sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga, an sassaƙa masa ganye, ko tufkar igiya, ko tsuntsu mai dogon wuya. Uban ya koya masa sana'ar da gizago a hannun dama, mari a hannun hagu. Ya iya kuwa, har ya fi uban, amma bai taɓa jin haka daga bakin tsohon ba.

Yana da shekara arba'in da wani abu Mai Walda ya sauka a garin da injinsa mai tartsatsi. Kafin damina uku, duk wanda ya sayar da buhu biyu na amfanin gona sai ya cire ƙyauren gidan ubansa ya maƙala na ƙarfe mai shuɗin fenti. Tsofaffin kuma aka jingine su a bayan gida, kaji na kwana a kai, mata na faskare su in itace ya yi wuya.

Wata ranar kasuwa Kafinta ya tarar da jikan Ungozoma ya kwantar da ƙyauren ɗakinta a tsakar titi, ya ɗaga gatari. Ungozomar ta shekara biyu da rasuwa. Ita ba ta san rubutu ba, don haka duk jaririn da ta karɓa sai ta tsaga ɗan layi da wuƙa a bayan ƙyauren, wanda bai zo da rai ba kuma ta gicciye nasa. Layukan sun cika katakon tun daga sama har inda sai an durƙusa.

"Kai, ajiye gatarin nan! Kana ciki, ina ciki, ubanka ma yana ciki."

"Baba, itace ne fa."

"Kai ma nama ne, an faskare ka?"

Kafinta ya ba shi sabon benci a madadi, ya ɗora ƙyauren a baro ya tura gida. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Maigida, maza na tara awaki, kai kana tara ƙofofin da ba su da ɗaki?"

Daga ranar ya shiga bin gidaje. Ya samo ƙyauren tsohon rumbun gari mai tabon ƙuna na shekarar gobara. Ya samo na ɗakin da ake tsare masu laifi a da, wanda farata suka yi wa rami daga ciki. Ya samo na gidan da annoba ta kwashe mutum tara cikin mako guda, har yau da ƙusoshin da maƙwabta suka buga daga waje. Da haka ya tara arba'in da uku a dogon ɗakin da ke bayan shagonsa, gari kuma ya laƙaba masa Baba Ƙyaure, ba don girmamawa ba.

Abin da garin bai sani ba shi ne, ajiyar katako aiki ne da ba shi da hutu, saboda gara ba ta da hutu. Kowane ƙyaure a tsaye yake kan duwatsu biyu, ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango, tsakaninsa da ɗan'uwansa akwai faɗin tafin hannu. Ƙasan ɗakin a barbaɗe yake da toka. Taga a buɗe take rani da damina. Kowace safiya, tun kafin ya kurkure baki, Kafinta zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunne a manne da katako. Mai lafiya amsarsa a cike take. Wanda aka fara ci daga ciki kuwa amsarsa holoƙo ce, sai ya fito da shi rana ya ɗura masa baƙin mai a ramin.

Shekara ashirin da shida yana wannan. Cikinsu matarsa ta rasu, 'ya'ya maza biyu suka tafi neman abinci ba su waiwayo ba, Auta kuma, 'yarsa mace tilo, ta samu aikin shara da goge-goge a wani asibiti a birni. Odar sabon aiki ta ɗauke. Ya koma gyaran ƙafar kujera da ƙotar fartanya. Mai Walda, wanda shi ma furfura ta kama, in ya zo wucewa sai ya leƙo.

"Baba Ƙyaure, yaushe zan yi maka ta ƙarfe ka huta?"

"Ranar da taka ta daina kuka kamar akuya in an buɗe ta."

Shi wannan Mai Waldan ne ya turo masa baƙuwa, don tsokana. Motarta ce ta lalace a bakin titi, ta tambaye shi ko akwai abin kallo a garin kafin a gyara, ya ce akwai wani tsoho mai kiwon ƙofofi. Mace ce mai tabarau, ma'aikaciyar gidan tarihi a birni. Ta shiga ɗakin tana toshe hanci, ta fito bayan awa uku idonta jawur. Kafinta, wanda a shekara ba ya yin magana cikin cokali, ranar ya zuba kamar an fasa tulu: wannan na wane ne, wa ya sassaƙa, wa ya mutu a bayansa.

"Baba, ban zo da komai ba yau, ko abin ɗaukar hoto," in ji ta. "Da damina ta ɗauke zan dawo da babbar mota da na'urar ɗaukar magana. Za a ba su ɗaki nasu, da sunanka a jiki. Don Allah ka riƙe mini su."

"'Yar nan, na riƙe su tun ba a yaye ki ba. Wata huɗu ne zai gagare ni?"

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya faɗi a bakin shago, zarto a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya zama kamar tsumma. Hankalinsa kuwa garau, ko ƙwarzane babu, wanda shi ne mugun abin.

Auta ta ajiye aikinta ta dawo. Kada wanda ya zage ta, yarinyar ta yi abin da 'yan'uwanta maza ba su yi ba. Ta wanke shi, ta juya shi, ta ba shi abinci a baki. Ta kuma ji labarin Mai Tabarau a bakin maƙwabta, ta ce wallahi ba za a zo daga birni a tarar da kayan ubanta cikin ƙazanta ba. Mace ce da ta shekara tara ana yaba mata kan tsafta.

Yana kwance a gadon da aka jawo masa kusa da ƙofa don ya sha iska, ya ga ta fito da toka kwando-kwando. Sai ya ga duwatsu, tana jefa su gindin katanga bibbiyu. Ya buɗe baki, abin da ya fito bai fi gurnanin maraƙi ba. Ya daki ƙarfen gado da hannun hagu har fatar ta fashe.

"Na'am, Baba, ina zuwa! Fitsari ne?"

Ya girgiza kai, ya nuna ɗakin da haɓa.

"Ai su nake gyara maka. Kai ma dai, Baba, kaya masu daraja haka a bar su a tsaye cikin toka, taga a hangame, feshin ruwa na shiga? Bari ka gani."

Ta kira Mai Walda da wasu maza biyu, suka kwantar da ƙyamaren a ƙasa, wani kan wani, jeri huɗu a jikin bango. Ta sayo sabuwar leda mai kauri ta lulluɓe su ruf, ta ɗaure da igiya, ta toshe tagar da kwali, ta sa kwado. Mai Walda ya zo ya dafa kafaɗar Kafinta.

"Ka haifu, tsoho. Ko ƙuda ba zai shiga ba."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon da ke aiki. Auta ta share masa da gefen zani, ta ce wa mutanen, "Kun ga, daɗi ya ji."

Damina ta sauka, mai ƙarfi kuwa. Ƙasa ta jiƙe, bango ya tsotsi ruwa. Kafinta ya san abin da ke faruwa a bayan kwadon kamar yana ciki: zafi a ƙarƙashin leda, gumi, duhu, katako kwance a kan danshi. Sau biyu yana mirginowa daga gado yana jan jiki da gwiwar hannu zuwa ɗakin. Na biyun har ya kai tsakar gida, Auta ta dawo daga rijiya ta same shi cikin taɓo. Daga nan ta riƙa tare gefen gadon da benci, ta kuma gaya wa mai ba da magani cewa tsohon ya fara ruɗewa. Aka ƙara masa ƙwayar barci.

Mai Tabarau ta cika alkawari. Ta iso da hantsi, da babbar mota da maza huɗu masu safar hannu. Aka ɗauko Kafinta a kujera aka ajiye shi a bakin ɗakin, Auta ta sa masa riga mai guga. Ta buɗe kwadon da kanta, tana murmushi, ta yanke igiya ta yaye ledar.

Na saman lafiya lau yake a ido, tsuntsunsa da ganyensa duk suna nan. Maza biyu suka kama gefe da gefe suka ɗaga. Yatsunsu suka nutse. Ƙyauren ya karye a tsakiya ba tare da ƙara ba, kamar busasshen ganye, jar ƙasa ta zubo, gara ta watsu fara fat a kan takalmansu. Na ƙarƙashinsa ma haka. Jerin da ke jikin bango kuwa ba a ma iya raba su ba, sun haɗe sun zama tudu guda.

Ɗaya daga cikin mazan ya leƙa gindin katanga, ya ga duwatsu masu goshi a lafe, ya tambaya a hankali ko a kan waɗannan kayan suke a da. Auta ta dubi duwatsun, ta dubi tabon da ke bayan hannun ubanta na hagu. Ta zauna a ƙasa daɓas, cikin garar.

Abin da aka tsinta ƙarfe ne kawai: sakatu, zobba, manyan ƙusoshi, cikin kwano ɗaya na wanki. Mai Tabarau ta durƙusa gaban Kafinta, ta kunna na'urarta, ta ɗora masa wata sakata a tafin hannu.

"Baba, ko wannan kaɗai. Ta gidan wa ce?"

Ya sani. Ya san maƙerin da ya ƙera ta, ya san matar da ta zura ta a daren da aka zo tafiya da mijinta. Leɓensa ya yi ta rawa, yawu ya zubo kan rigar mai guga. Mai Tabarau ta jira har na'urar ta yi zafi a hannunta, sannan ta kashe. Motar ta koma yadda ta zo.

Auta ba ta koma birni ba sai da ta binne shi, wata bakwai bayan nan. Kullum da la'asar takan ɗauko ƙarfe ɗaya daga kwanon ta riƙe a gabansa, ta shiga jero gidajen garin: na Mahauci ne? na Mai Gishiri ne? In ta dace sai ya runtse ido. Amma ita tana 'yar shekara goma sha bakwai ta bar garin, gidajen da ta sani ba su da yawa, kuma mafi yawan masu ƙyamaren sun mutu tun ba a haife ta ba, ko sunansu ba ta taɓa ji ba balle ta ambata. Wanda suka dace a kansa takan ɗaura masa zare mai launi. Ranar da ya cika, guda shida ne ke da zare.