Wadda Ta Yarda Zanenta Ya Jiƙe

Ban yi boko ba. Facin taya nake yi a bakin titin Maiduguri, nan Potiskum, kuma ba ni da yawan magana. Abin da kuke karantawa da baki na faɗe shi a waya, 'yata Zainab ta mayar da shi rubutu.

Uwata ta rasu ina ƙarami. Aka ɗauko ni daga Danchuwa zuwa unguwar Bolewa, wurin kakata, wadda kowa ke kira Kaka Adama. Wannan a shekarun alif ɗari tara da casa'in ne. Bayan girbi, in an gama cin tuwo, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, yaran unguwa su zagaye ta. Hausarta da ɗanɗanon Bolanci a ciki, muna yi mata dariya, ba ta damu ba.

Tana da ƙa'ida ɗaya. Kowane yaro ya zo da karan dawarsa a hannu. Ita in ta hura wutar ba ta ƙara mata komai. In tatsuniya ta yi maka daɗi, ka karya kara ka jefa. In ba ta yi ba, ka riƙe abinka. Wutar kara kuwa ba ta jira. In ta mutu labari ya ƙare, ko da a tsakiya yake.

Takan fara da cewa, "Na zo da ita a bakina, wa ke da kara?" Mu amsa, "Ga shi, Kaka!" Ban taɓa ganin wutarta ta mutu ba.

Sai abu biyu suka zo tare. Tari ya kama ta, muryarta ta daina kai labari ƙarshe. Maƙwabcinmu kuma, wani Alhaji ɗan asalin Kano mai sayar da atamfa, ya sayi bidiyo. Yara suka fara zamewa. In ba a samu wanda zai karɓi bakin Kaka ba, hirar ta tashi ke nan. Kowa ya san haka, ba wanda ya faɗa.

Wani maraice ta nuna ni da haɓa.

"Angona, yau kai ne."

"Ban iya ba, Kaka."

"Miji ba cefane, ba hira? To me zan ci da kai? Matso gaba."

Na matsa. Na ɗauko labarin wani maharbi da na sha ji a bakinta. Na tsaya faɗin sunan garinsu, da sunan ubansa, da kalar karensa. Ba wanda ya motsa hannu. Wani yaro, Sale, ya fara taunar karansa. Jummai, wadda ta fi kowa tsiwa a unguwar, ta ce, "Kai Buba, har yanzu bai fita daga gida ba?" Aka fashe da dariya. Wutar ta lafa, ta mutu. Suka kwasa da gudu sai gidan Alhaji.

Ban yi kuka ba. Na dai ƙudura ba zan sake buɗe baki a gaban mutane ba.

Kaka ba ta lallashe ni ba. A gaban tokar nan, ni kaɗai, ta ba ni wata tatsuniya, tana yi tana tsayawa tari.

Wai wata yarinya ce ta gina tulu. Uwarta ta ce ba a taɓa yin mai kyansa ba. Ta kai kasuwa, duk wanda ya ɗaga sai ya ce, "Yana yoyo," ya ajiye ya wuce. Ba wanda ya ce mata ga inda yake yoyon, don kowa na tsoron ya jiƙa rigarsa. Ta ɗauki tulun za ta fasa. Sai wata tsohuwa makauniya a bakin rijiya ta ce, "Cika shi ki ba ni." Ta rungume shi a ƙirji, ta zauna da shi har rana ta karkata. Da sanyin ruwa ya ratsa zanenta, ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Nan ne. Sauran duk lafiya."

Na ce, "'Yan kasuwar mugaye ne."

Ta ce, "A'a. Ba don su ba, da tana can gida tana jin daɗin ƙaryar uwarta. Gobe da hantsi ka kawo mini tulunka."

Haka muka yi ta yi. Tana ɓarar gyaɗa, ina faɗin labarin maharbi. Ba ta taɓa faɗa mini yadda zan ce ba. In na kai wurin da ya gundure ta, sai ta daina ɓara ta dube ni.

"Nan na jiƙe. Ina ruwana da ubansa? Kai shi daji."

Wani lokaci ta ce, "Ka yi sauri a wurin da ya kamata ka tsaya. Bari su ji tsoro tukuna." In na yi daidai kuwa ba ta yabo. Hannunta dai ba ya tsayawa.

Ranar da na sake zama gaban wuta, yaran ba su kai rabin na da ba. Na fara da maharbi yana tsakiyar daji, kibiyarsa ta ƙare, ga wani abu yana numfashi a bayansa. Na yi shiru. Wutar ta fara lafawa. Sai na ji ƙas! Jummai ce ta karya kara ta jefa.

"To faɗi mana, malam! Mene ne a bayan nasa?"

Kaka tana jingine da bango, idonta a rufe. Ba ta ga wani girbin ba. Ni na riƙe wutar har na fara fita aiki.

Daga nan rayuwa ta rufe mini baki. A shekarun tashin hankali na rasa rumfata, na rasa ƙanena. Ba na son maganar. Tatsuniyoyin Kaka suna cikina, ba wanda ya rage da ya san su sai ni.

Bara Zainab ta saka ni a wani zauren marubuta na waya, ta ce, "Baba, ko murya ce ka tura." Na tura tatsuniya ɗaya. Shiru. Can wani ya ce ya yi tsawo. Wani ya turo fuskar dariya. Na ce wa Zainab ta cire ni.

Kafin ta cire, wata Hajiya Hajara, tsohuwar malamar makaranta da ban taɓa gani ba, ta neme ni ni kaɗai. Ta ce, "Malam Buba, na saurara har ƙarshe. Akwai inda na daina jin ka, sai bayani nake ji. Sake turo mini, mu duba wurin tare." A ranar na sake tura mata.

Tun ranar duk mako nake tura mata, ta saurara tsaf, ta nuna wurin. Da ta ce in mayar da labarin zaure, na mayar. Wata yarinya da ban san garinsu ba ta rubuto, Zainab ta karanta mini: "Baba, sai me ya faru?"

Na ji ƙarar karan nan a kunnena.

Allah Ya saka wa 'yan zauren, har wanda ya yi dariya. Allah Ya saka wa Hajiya. Allah Ya jiƙan Kaka Adama, wadda ta fara rungumar tuluna tana tari, ba ta ajiye ba sai da ya riƙe ruwa.