Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Gumel

Da ana dawo da jiya, abu ɗaya zan gyara. Ni na fasa gurmin ɗan farina a bakin zaure yana saurayi, na ce gidanmu ba gidan roƙo ba ne. Bai yi min musu ba. Ya tsince gutsattsarin duman, ya tafi Gumel karatu, ya zama malamin makaranta, ya yi zamansa can. Da salla yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni ya tashi. Iyakarmu ke nan.

Mun tashi da asuba ranar Alhamis daga ƙauyenmu kusa da Ɗanzomo, ni da mahaifiyarsa, don mun ji zai sa ɗalibansa su yi tsohon wasan nan na rijiya, mai waƙa da kiɗa, wanda ake yi a makarantu tun muna yara. Wasan sai bayan azahar, amma na san halina, in na bari rana ta fito zan sake shawara. A ƙofar masallaci babban aminina ya tare ni ya ce, "Alhaji, da wannan furfurar za ka je kallon rawa? Kuma ta ɗan fari? Ina kunya?" Na ce, "Ga ta nan, ajiye min, in na dawo ka ba ni." Aka yi dariya. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Da yake ranar kasuwar Maigatari ce, motar ta cika da 'yan kasuwa, har da akuya a ƙarƙashin kujerata. Kafin mu isa ta ɗanɗana bakin babbar rigar da na ɓoye don biki. Kuɗin mota ya hau, direba ya ce mai ne, kowa ya yi tsaki ya biya. Gero ya yi kai dama da hagu, ga riɗi ya yi fure, manyan motoci sai wuce mu suke suna neman iyaka. A tashar Gumel muka karya da koko da ƙosai, muka yini gidan wata 'yar'uwa, aka cika mu da ɗanwake mai yaji. Bayan azahar a-daidaita-sahu ya kai mu makarantar.

Ɗakin taron ya cika, muka raɓe a baya. Labarin bai canza ba: ƙauyuka biyu ne suke rigima a kan rijiya ɗaya, har guga ya faɗa ciki, kowa ya kwana da ƙishirwa. 'Yan mata suka fito da tuluna, samari suna jan igiya a kan kiɗa. Da aka ɗauko waƙar jan guga, sai na ji bakina yana amshi ban sani ba. Ashe ni ma ina da ita a ciki duk shekarun nan.

Can gefen dandali na hango ɗana zaune da gurmi a cinya. Gemunsa ya fara fari. Wannan furfurar ta fi komai dukana, don ban san ranar da ta fito ba.

Kusa da ni akwai wata ma'aikaciya Kirista 'yar Filato, 'yarta ce mai jan waƙa. Ta miƙo min gyaɗa ta ce, "Baba, wanne ne naka?" A wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane, don haka na nuna shi da haɓa. Ta ce, "Malam? Kai, Baba! Mu ai mun ɗauka maraya ne, ba mu taɓa ganin nasa ba." Na zuba gyaɗar a aljihu ban ci ba.

Da aka gama ana ta tafi, na miƙe. Mahaifiyarsa ta ja min riga, na fizge. Na ɗaga murya na ce, "Auwalu!" Rabon bakina da sunan nan tun ranar da na raɗa masa shi. Kowa ya waiwayo. Na ce, "Kiɗa ya yi. Allah ya yi maka albarka." Mahaifiyarsa ta rufe fuska da mayafi. Shi kuma ya ajiye gurmin a ƙasa, ya ratso mutane, ya durƙusa a gabana. Na ce, "Tashi ka ɗauki abinka, kada a taka."

Washegari muka dawo, labari ya riga mu isa ta waya. Aminina yana jirana a gindin darbejiya. Ya ce, "An ce ka kira suna a bainar jama'a." Na ce, "Na kira, kuma gobe ma zan kira. Ajiyar nan da na ba ka, riƙe ta, na bar maka." Har yau wasu a majalisa suna cewa tsufa ya taɓa ni. Su faɗa. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba na ƙi yi sai da ɗana ya yi furfura.

Ku masu 'ya'ya, roƙona ɗaya ne. In kun ga abin da hannun ɗanku ya iya, kada ku fasa shi kamar yadda na yi, kuma kada ku bari baƙi su ɗauka maraya ne alhali kuna raye.