Lauratu da Yaran da Suka Ɓace a Shafi

Lauratu 'yar fari ce a gidansu a Kaura Namoda, don haka mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke wagga" take ce mata. Ta karanta ilimin kwamfuta, ta sami aiki da wata ƙungiya mai raba abinci ga yara masu tamowa a Shinkafi da Zurmi.

Aikinta ba mai hayaniya ba ne. Ma'aikata kan shiga ƙauyuka a babur, su gwada damtsen yara, su tambayi kowace uwa sunayen 'ya'yanta, sannan su turo komai ta waya, kowane mutum layi guda, barbaje kamar shanyar hatsi. Ita kuma ta rubuta umarnin kwamfuta da ke tattara su hawa-hawa a shafin intanet: ƙaramar hukuma, cikinta ƙauye, cikin ƙauye uwa, ƙarƙashin uwa 'ya'yan da ta ambata. Yaron da ya fito a shafin, shi ake ba abinci.

Wata Talata da hantsi, Hajiya Turai, babbar ma'aikaciyarsu ta Shinkafi, ta bugo waya.

"'Yar boko, injinki ya fara cin yara. Akwai wani Hammadu a Jangeru, ni da hannuna na gwada shi, damtse kamar sillen kara. Rabo jibi, kuma babu shi."

Lauratu ta duba. Layin Hammadu na nan cikin abin da aka turo, amma a shafin babu shi. Ta sa kwamfuta ta ware duk yaran da ba su faɗa ƙarƙashin kowa ba. Suka fito da dama, har da na Galadi da Zurmi.

"Hajiya, wa ya kawo shi gwaji?"

"Kakarshi. Wurinta yake."

"Uwar fa?"

"Tana nan, ta lissafo min ɗiyanta tsaf."

"Shi ne na farko?"

Hajiya Turai ta tuntsire da dariya. "Yo ke, wace mai kunya za ta faɗi sunan ɗan fari gaban baƙi? Ke taki uwar ta taɓa faɗin naki?"

Lauratu ba ta yi dariya ba. Ta ga inda ta gina katangar a karkace: ta rataya yaro a bakin uwarsa, alhali bakin ba zai buɗe ba. Ta cire hawan uwa, ta sa gida a madadinsa, ta roƙi ma'aikata su riƙa tambaya ɗaya tak: a tukunyar wa yaron nan yake ci? Ta kuma buɗe reshe ja a saman shafin, inda duk wanda ya rasa gida zai tsaya a gan shi, maimakon ya ɓace shiru.

Ran Alhamis kakar Hammadu ta karɓi rabonsa, ta yi faɗan jinkiri, ta tafi.

Lauratu ta rasu bara da damina, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta. Shafin yana nan yana aiki. Da Hajiya Turai ta zo ta'aziyya, ta ba da labarin yaran Jangeru a tsakar gida. Mahaifiyar Lauratu ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Haka wagga yarinya take, ba ta son a bar kowa waje."