Sunan Surukina Cikin Baka Biyu

A shekarar da aka ce duk malamar firamaren da ba ta ƙaro karatu ba ta fara tattara kayanta, ni kundin kammalawa kawai ya rage mini. In an karɓe shi, aikina ya tsira. In ba a karɓa ba, na koma gida na zauna, bayan shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali a Birnin Gwari.

Kan itatuwan dajinmu na rubuta, da amfanin da mutane ke samu a jikinsu. Na zaɓi wannan ne don ina da rijiya a cikin gida. Surukina, mahaifin maigidana, ya yi rayuwarsa yana ɗora amya a daji wajen Gwaska, kafin 'yan bindiga su tashi ƙauyensu ya dawo gari wurinmu. Da yamma nakan zauna nesa kaɗan da tabarmarsa ina tsince wake, shi kuma yana ba da labarin yadda zumar furen ɗorawa ta bambanta da ta kaɗanya, da dalilin da ba a sare ƙirya don itacen girki. In na shiga ɗaki sai na rubuta. Babi na huɗu kusan duk bakinsa ne.

Mai duba kundin wata Dakta ce a Zariya, mace mai jan biro da ƙarancin dariya. Tun a babin farko ta fitar mini da rai. Waƙafi ya zauna inda aya za ta zauna. Sunan littafi bai kwanta ba, wai sai an karkata shi. Shekara ta fita daga baka biyu. Gefen takarda ya yi faɗi. Ni da nake bin hanyar Kaduna da zuciya a hannu, direba na gudu kowa na salati, na isa a ce mini matsalata waƙafi ce. Na sha fita ofishinta ina ƙunƙuni har bakin titi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da ta karanta babi na huɗu, ta ajiye biron ta tambaye ni inda na kwaso shi. Ta ce wannan ba muryata ba ce, kuma ba madogara ko ɗaya a shafukan. A wurinsu, maganar wani in ka ɗauka ba ka faɗi mai ita ba, sunanta satar fasaha, kuma a kanta ake korar ɗalibi.

Ni ɓarauniya? Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata a gida na ji, daga bakin dattijon gidanmu. Ta ce to madalla, hira ce, na rubuta sunansa da ranar da muka yi ta.

Nan gizo ke saƙar. Tun da aka kawo ni gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Baba nake ce masa. Ɗana na fari mai sunansa ne, shi ma da laƙabi nake kiransa. Ko a aji, in yaro mai irin sunan ya yi surutu, sai dai na ce kai mai jar riga. Uwata haka ta yi da nata surukin har ta koma ga Allah. Na yi wa Dakta bayani, ita ma Bahausa ce, ta san alkunya sarai.

"Na sani, Malama," in ji ta. "Ni ma ina da suruki. Amma ƙa'idar rubutu ba ta da shi."

Na dawo gida na fara dabaru. Na rubuta cewa wani dattijo ya shaida mini. Ta zagaye da ja ta tambaya wanne, dattijo ɗaya ne a ƙasar? Na mayar da shi Hausawa sun ce. Ta ce Hausawa ba su ba ni ranar hira ba. Maigidana kuwa abin dariya ya zame masa. Ya ce na kawo shi ya rubuta mini da hannunsa, ai sunan ubansa ne, kullum yana rubutawa a bayan nasa. Na ce ko ya rubuta, kundin nawa ne, a gaban malamai zan tsaya na kare shi, in suka ce waye wannan me zan ce?

Wata abokiyar karatuna ta ba ni shawarar da ta fi kowacce sauƙi. Ta ce na nemi kowane littafi na itatuwa, na liƙa sunan marubucinsa da shekara a ƙarshen kowane sakin layi, ba mai bin diddigi. Shawarar ta ƙona mini rai fiye da jan biron. A ɗauki abin da tsoho ya tara da harbin ƙudan zuma a ba wani da bai taɓa taka dajin ba, wai don a tsira daga sata.

Ashe maigidan ya kai labarin gaba. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin zaure kaina a ƙasa. Ya ce ya ji ana neman raba ni da aikina saboda shi.

"'Yata, kin ba ni girma har kin ɓatar da ni," ya ce. "Gona ta tafi, amya ta tafi, ƙauyen ma babu kowa. Maganar nan ita ta rage mini, ita ma za ki sake ta kamar akuyar da ba ta da mai ita? Ɗauko abin rubutu."

Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa a hankali, kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya shifta. Na rubuta. Kunya ta hana ni ɗago kai har ya sallame ni.

Na kai wa Dakta ina jin kamar na haye dutse. Ta duba, ta ce yanzu na yi daidai, saura gyara kaɗan. Ta ɗauki jan biron ta soke sunan Baba, ta bar harafin farko da aya. Sunan mahaifinsa, wanda ya rasu tun kafin a haife ni, shi ta bari cikakke. Ta ƙara da cewa hira ba ta shiga jerin manazarta na ƙarshen kundi, a cikin baka biyu kawai take zama.

Duk wannan tashin hankali a kan harafi ɗaya ne? Me ya hana ta faɗa mini tun farko? Sai ga ni, ni da na yi watanni ina gudun sunan, ina roƙonta ta bar mini shi duka. Ta ce ƙa'ida ce, ba ita ta kafa ta ba. Ranar kare kundi kuma ba wanda ya tambayi ko waye. Wani malami dai ya ce lambar shafina ta yi ƙasa da yawa.

An karɓi kundin, aikina ya tsira. Da aka yi masa bango na kawo gida, Baba ya ce a nuna masa wurin. Ba ya karatun boko, sai na ɗora yatsansa a kan layin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi yana ganin sunansa ya fi haka tsawo, na karanta masa ya ji.

Maigidana na tsaye, ya san abin da ke rubuce. Na fara daga farkon sakin layin, zancen furen ɗorawa da zumarsa. Da na iso baka biyun na tsaya. Sannan na faɗi sunan surukina cikakke, da bakina, yadda ya yi mini shiftarsa.

Baba ya gyaɗa kai ya ce to, haka ne, sun rubuta daidai.